Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi Yayin Ziyararsa Sashen Kula da Ji da Magana a Kaduna, Ranar 3 ga Maris

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Dagatai da masu unguwanni da suka rufa maka baya, Sarkin Aska da jama'arsa, malamanmu, iyayenmu ungozomomi, abokan aiki, da iyayen yaran da suka cika rumfar nan tun hantsi, ina yi muku sallama irin ta addinin Musulunci.

A madadin ma'aikatan wannan sashe nake yi maka barka da zuwa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To mu nan ji ne sana'armu, amma yau mun yarda a kore shi na ɗan lokaci, tunda ka tako da ƙafarka don ka gane wa idonka abin da muke yi. Ka kuma zo a ranar da ta dace, domin 3 ga Maris ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware a matsayin Ranar Ji ta Duniya. Wanda ya rubuta 3 sau biyu ya dube su da kyau zai ga kamar kunnuwa biyu ne.

Ranka ya daɗe, a gari duk "likitan kunne" ake ce mana, ba ma kuma musu, amma akwai bambanci. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro shi ke ba da magani, shi ke yin tiyata. Mu kashi biyu ne a gefensa. Akwai masu auna ji, waɗanda ke gano ko kunne na ji, nawa yake ji, a ina matsalar take, sannan su saita wa mutum na'urar ƙara ji daidai da kunnensa. Akwai kuma masu gyaran magana, irina, da ke zama da yaron da bakinsa bai buɗe ba, da mai in'ina, da mai tsamin baki, da yaron da aka ɗinke wa tsagaggen leɓe ko ganda, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace wa magana ko ta hana shi haɗiyar abinci ba tare da ya ƙware ba. Kaduna ta yi sa'a, domin a nan Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a 1999. Sai dai asibiti ba ya zuwa gida ya ɗauko yaro. Kawo shi ake yi, kuma a makare ake kawo mana shi.

Bari in ba ka labarin wata baiwar Allah da ta zo mini da ɗanta mai shekara huɗu. Ko "mama" bai taɓa cewa ba. Da yana shekara biyu ta yi ƙorafi, sai aka ce mata ai nauyin baki ne, kawunsa ma sai da ya girma ya yi magana. Da ya shekara uku aka kai shi wurin wanzami aka yanke masa linzami. Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka jira. Duk wannan ɗawainiya a kan baki aka yi ta. Da muka shiga ɗakin gwaji, cikin ƙasa da awa guda ta bayyana cewa bakin yaron lafiyarsa ƙalau, kunnen ne ba ya ji. Na tambaye ta ko ya taɓa wata doguwar jinya yana ƙarami. Ta ce ya yi sanƙarau yana wata takwas, kuma da ya tashi sai kowa ya yi hamdala, ba wanda ya ce a duba kunne. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, ta yi duk abin da ta san ana yi. Amma yaro da kunne yake koyon magana. Abin da bai shiga ta kunne ba, ba zai fito ta baki ba, kuma shekarun farko, musamman ukun farko, su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sarkin Aska, kada ka ce na tsokane ka a gaban Hakimi. Ba mu zo raba ku da askarku ba. Linzami kan hana wani jaririn kama nono da kyau, wannan gaskiya ne, amma ba shi ke hana yaro koyon magana ba. Abin da ya sa muka roƙi a gayyato ku shi ne, kun riga mu ganin jariri. Ungozoma ta gan shi ranar haihuwa, ku da liman kun gan shi ranar suna, mu kuwa sai bayan shekara uku ko huɗu.

Ga shi kuma gwajin jariri ba shi da wuya. Wani ɗan bututu mai laushi ake sa masa a kunne yana barci, na'ura ta aika ƙaramin sauti, kunne mai lafiya ya mayar da amsa-kuwwa. Ba allura, ba jini, 'yan mintoci ne. In ba a samu amsa ba, sai a yi gwaji na biyu, a liƙa 'yan wayoyi a fatar kansa a ga ko sautin yana isa ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Uwa ma tana iya lura a ɗaka: jaririn da ba ya firgita in an bugo ƙofa, ko ya kai wata shida ba ya waiwayar murya, ko ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, a kawo shi. Kada gwarancinsa na watannin farko ya ruɗe mu, jaririn da ba ya ji ma yana yin sa, daga baya ne yake yin shiru.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne a duniya ke da raunin jin da ke buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da za a iya kaucewa take zuwa. Abubuwan nan duk mun san su a gidajenmu. Sanƙarau, wanda yanzu ma lokacinsa ne da zafin nan ya kunno kai, kuma dattawan da ke nan ba su manta da annobar 1996 ba. Ƙyanda da hangum. Shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani. Kunnen da ke zubar da mugunya wata da watanni ana ɗiga masa man ja. Allurai irin su jentamaisin da ake yi barkatai ba da umarnin likita ba. Zazzaɓin Lassa ma yana barin kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi da matsalar ji. Sai ƙara: maƙeran Panteka, masu injin markaɗe, mai kwana kusa da janareta, da samarinmu da ba sa cire abin sauraro daga kunne. Ma'aunin wurin aiki shi ne desibel 85 (desibel shi ne awon ƙarfin ƙara) na awa takwas, in ƙara ta haura haka lokacin da kunne zai jure yana raguwa da sauri, kuma jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa.

Akwai wata damuwa ta cikin sana'a da ba kasafai muke faɗa a bainar jama'a ba. Yawancin kayan gwajin magana da muka karanta a makaranta don yaran Ingila da Amurka aka tsara su. Ɗan Bahaushe zai ce "fensir" maimakon "pencil", mai gwajin da bai san Hausa ba ya rubuta cewa yaron ya kasa furta harafi, alhali Hausarsa ya yi daidai. A gefe guda kuma, takardar Bature ba ta san bambancin kara da ƙara ba, ko bari da ɓari, ko garin Kaduna da garin tuwo, inda jan wasali kaɗai ya raba su. Yaron da ya kasa waɗannan zai ci jarrabawar Turanci ya wuce da matsalarsa. Shi ya sa muke zama muna haɗa jerin kalmomin Hausa da hotunan abubuwan da yaranmu suka sani, akuya da tulu da ludayi. Aiki ne mai cin lokaci, mu kuma 'yan kaɗan ne. Da yawanmu sai da muka je har Jami'ar Ibadan muka koyo fannin, kuma ina ganin lokaci ya yi da jami'o'in Arewa za su ɗauke shi da muhimmanci, don a samu masu gyaran maganar da suka tashi da harshen marasa lafiyarsu.

Inda ƙwararru suka yi ƙaranci kuwa, 'yan buga-buga ke cike gurbin. Ana sayar wa mutane na'urar kunne kamar ana sayar da tocila, ba awo ba saiti. Mutum ya sa, ƙara ta cika masa kai, ya jefa ta a durowa ya ce na'ura ƙarya ce. Alhali tun 1988 akwai hukumar tarayya da ke yi wa masu wannan aiki rajista tare da masu gashin ƙashi. Duk wanda ya ce shi mai auna ji ne, a tambaye shi lasisinsa, ba rashin kunya ba ne.

Ba kuma kowane yaro ne na'ura za ta sa ya yi magana ba, gara in faɗa a gaban iyaye. Dashen na'ura a cikin kunne yana nan, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Maganar hannu harshe ce cikakkiya, kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kafin zuwan makarantun kurame, kuma yaron da ya same ta da wuri yana karatu, ya yi sana'a, ya yi aure. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tsaya masa. Abin da ke cutar da shi shi ne a ajiye shi a gida ba harshen baki ba na hannu, ana ce masa bebe.

Ranka ya daɗe, ba mu zo da ƙoƙon bara ba, bakinka muke roƙo. In ka ce wa masu unguwanni a kai jariri gwajin ji kafin a yi arba'in, za a kai. In liman ya faɗa a wurin suna, ya kuma ƙara da maganar rigakafi, za a ji. In wanzami ya ce wa uwa "kafin in taɓa bakin nan, je ki a duba kunnensa", ya ceci shekarun yaro. Muna kuma so a sanar cewa duk wanda ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa cikin makonnin farko, kada a jira.

Yanzu in ka yarda za mu zagaya da kai. Za mu fara da ɗakin gwaji, wanda aka toshe bangonsa don kada hayaniyar titi ta shiga. Mun ajiye maka kujera a ciki, domin abokan aikina sun ce ba za su bar ka ka tafi ba sai sun auna kunnen da ke sauraron koke-koken talakawa. Minti goma sha biyar ne, sai dai za mu roƙi a ɗan sassauta rawani.

Allah ya ja zamaninka, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Wassalamu alaikum.