Dashen Gnulib a Cikin Manhajarka

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da yamma. Na baya ku ɗan matso, don abin da zan rubuta a allo yau ƙanana ne.

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja da yaren C ya san wannan ciwon. Ka gama aikinka a kan Linux, komai lafiya lau, sai wani ya ɗauka ya kai kan Windows ko AIX ko macOS, abu ya ƙi harhaɗuwa. Ka kira error, wadda glibc, laburaren C na GNU, ke da ita, ashe macOS ba ta san da zamanta ba. Ka kira strndup, ashe mingw, kayan harhaɗa C na Windows, babu. Wanda ya fi ban tsoro shi ne aikin da yake nan amma halinsa daban: a kan AIX, in ka nemi malloc, mai ware wuri a ma'adana, ta ba ka sifirin bayit, abin da za ta miƙo maka shi ne NULL, wato alamar ba a samu ba, manhajarka kuwa ta ɗauka ma'adana ce ta cika.

Masu aikin GNU sun daɗe suna cin karo da wannan, kowa yana facinsa shi kaɗai. Daga baya suka tara facin wuri guda suka kira shi Gnulib. Bruno Haible da Paul Eggert da Jim Meyering suna cikin waɗanda suka fi ɗawainiya da shi, kuma coreutils da grep da sed da tar da Emacs duk daga nan suke ɗiba. An yanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce masa modul, sun haura dubu.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Gnulib ba laburaren da ake girkawa a kwamfuta sannan a jingina da shi ba ne. Dashe ake yi, kamar yadda mai lambu ke ciro iri daga wurin reno ya dasa a fadamarsa. Fayilolin da kansu ake kwafowa su zauna cikin manhajarka, su tafi tare da ita duk inda ta je. Mai amfani ba sai ya nemi komai ba. Amma ban ruwa ya dawo wuyanka.

Kayan aikin dashen sunansa gnulib-tool. Ka shiga foldar da configure.ac yake, wato fayil ɗin da Autoconf ke karantawa don ya haɗa rubutun configure mai gwada kwamfuta, ka rubuta gnulib-tool --import error strndup. Zai zuba fayilolin C a cikin lib, ya zuba gwaje-gwajen Autoconf a cikin m4, ya rubuta lib/Makefile.am. Za ku ga kun nemi biyu, ya kawo da yawa. Kada ku firgita. Kowane modul yana da takardar bayani mai sashen Depends-on, inda ya lissafa waɗanda ba ya iya tsayawa sai da su, kuma kayan aikin yana bin wannan silsila har ƙarshenta. In ya gama, zai gaya muku abin da ya rage ku yi da hannu: a cikin configure.ac a sa gl_EARLY nan da nan bayan AC_PROG_CC, gl_INIT can ƙasa, a ƙara lib cikin SUBDIRS na Makefile.am. Ku kuma tuna kowane fayil na C ya fara da config.h kafin komai. Don Allah ku karanta saƙon da kayan aikin ya ba ku. Yawancin masu zuwa mini da kuka shi suka tsallake.

Hikimar da ke ciki tana burge ni har gobe. A lokacin configure ake gwada kwamfutar. In malloc ɗinta lafiyayyiya ce, a bar ta. In tana da lahani, a juya sunan zuwa rpl_malloc, wato madadin da Gnulib ya kawo, ba tare da ka taɓa layi ɗaya na rubutunka ba.

Akwai fayil ɗin da nake roƙon ku riƙe da daraja, m4/gnulib-cache.m4. A nan ake ajiye jerin abin da ka nema da bakinka. In kana son ƙari, --add-import za ka ce, don --import yana sake jerin ne daga farko. In kana son sabbin gyare-gyare, sai --update.

Ni kaina na taɓa gyara wani fayil a cikin lib kai tsaye, ina sauri. Bayan wasu watanni abokin aikina ya sabunta, gyaran ya shafe, kuskuren ya koma hannun masu amfani, muka yi kwanaki muna lalube. Hanyar da ta dace ita ce --local-dir, inda kake ajiye facinka gefe, a riƙa ɗora shi duk lokacin da aka kwafo. Abin da ya fi ma shi ne ka aika gyaran ga masu kula da Gnulib, kowa ya amfana.

Sai lasisi. Wasu modul GPL ne, wasu LGPL, wanda ya fi sassauci ga masu jingina da laburare. In laburare kake ginawa, ka sa --lgpl, kayan aikin zai tsaya ya ƙi duk wanda bai dace ba.

Malam a can baya ya tambaya wace fitowa ta Gnulib za a ɗauko. Al'adar Gnulib ita ce a ɗebo daga git, rumbun da ke ajiye tarihin sauye-sauyen rubutun, shi ya sa manyan ayyuka kamar coreutils suke ɗaure kansu da takamaiman matsayi guda a tarihin git ɗin, su bar rubutun bootstrap ya riƙa yin dashen. Ku ma ku yi haka, ku kuma sa wa kanku lokacin sabuntawa kafin kowace fitarwa. Yanzu kowa ya buɗe kwamfutarsa, mu fara da strndup.