Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi a Ranar Rufe Bitar Malamanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishinan Ilimi, mai girma Hakimi, limaminmu, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, 'yan'uwana malamai, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, lale marhabin. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, mu kuwa yau baƙon namu shi ke riƙe da ragamar sana'armu.

Da gangan muka zaɓi wannan rana. Ba mu gayyace ku ranar rabon kyaututtuka ba, lokacin da ake share fili, yara su yi fareti, kowa ya sa fararen kaya. Mun so ku zo ranar da malamai ne a kan benci.

Asabar ɗin farko ta kowane wata, da kuma makon ƙarshe na dogon hutu, nan muke taruwa. Malami ɗaya zai tashi da allinsa ya koyar da darasi, sauran mu zauna a kujerun yara, gwiwa na gugar tebur, mu zama ɗalibansa. In ya gama sai a yi masa gyara, ba sani ba sabo. Da farko abin bai yi wa manyanmu daɗi ba. Wanda ya shekara 20 yana koyarwa, yarinyar da ta gama NCE, wato karatun shaidar malanta, bara ta ce masa, "Baba, ka bai wa aji baya tun farkon darasi," ai sai an daure. Amma gemu ba ya hana ilimi, yanzu shi ne ke fara ɗaga hannu.

A irin wannan zama ne wata malamar aji biyu ta zo da buhun murafan kwalba da ƙwallayen dabino. Ta jera su goma-goma, ta nuna mana yadda yaro zai ga aro a lissafin ɗebewa da idonsa, ya taɓa da hannunsa, maimakon haddar "ara ɗaya". Ko sisi ba a kashe ba. Yau duk ƙananan azuzuwanmu akwai gwangwanin murafai a kan taga, har mai shagon bakin ƙofa ya san ya riƙa tara mana.

Batun takarda ma ba mu yi sake ba. NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma tun 1993 doka ta kafa hukumar TRCN domin yi wa malamai rajista. Masu digirin da ba na koyarwa ba muna tura su yin PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, galibi ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, wadda tun 1976 take aikin horar da malamai. Makaranta na ba da rancen kuɗin, a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga albashi. Sai kwamfuta: tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa a kanta gaba ɗaya, to yaya malamin da ke tsoron taɓa ta zai shirya yaro? Mun sa kowa ya koya, har ni.

Ranka ya daɗe, ga kukanmu. Mutane na ce mana makarantar kuɗi, amma kuɗin iyaye ne, iyayen kuma kun san halin da ake ciki. Mukan horar da malami shekara uku, da ya goge sai gwamnati ta buɗe ɗaukar aiki, ya tafi. Ba ma jin haushi, 'ya'yan jihar nan zai je ya koyar. Tunda haka ne, duk lokacin da aka shirya bita ga malaman gwamnati, muna roƙon a ware mana kujeru, ko da biyu ne. Wanda ya je zai dawo ya koya wa sauran. Haka kuma jami'an sa ido in sun zo, muna so su shiga aji su zauna har darasi ya ƙare, su gaya mana inda muka kauce.

Yanzu malamar murafai tana jira a aji biyu, ta ce ba za ta fara ba sai kun zauna. Mun ajiye muku benci a sahun gaba. Bismillah, ranka ya daɗe.