Kanta, Fadama da Ruwan Matan Fada

Jama'a masu kallo, barkanmu da warhaka. Wannan ruwan da kuke gani shi ne Matan Fada, a Argungu ta jihar Kebbi. Ku dube shi da sassafe: balbelu sun yi fari fat a bakin gaɓa, shinkafa ta yi kore shar a fadama har iyakar ganin ido.

Da an ce Argungu, kifi ne ke faɗo wa mutane a rai. To amma fadamar nan ita ta goya daular Kabi tun tana jaririya. A farkon ƙarni na 16, Muhammadu Kanta yana cikin masu taya Askiya na Songhai yaƙi. Bayan yaƙin Agadas sai rabon ganima ya haɗa su faɗa, wajen 1516, Kanta ya ce shi kam ya bar bi. Aka turo masa runduna, ta koma ba ta iya da shi ba. Jarumtar Kanta ba abin musu ba ce, amma ni a ganina fadamar ma ta yi nata yaƙin. Ina dokin da zai yi sukuwa a cikin taɓo? Kabawa kuwa ruwa gidansu ne. Kufan birnin Kanta, Surame, yana nan da ganuwarsa ta dutse, ko da yake yau ya faɗa cikin jihar Sakkwato.

Daga baya Kabawa da Sakkwatawa suka daɗe ba sa ga maciji. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako Argungu, aka tarbe shi da gagarumin su, daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali. UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016.

Yanzu ku kalli nan. Da an buga bindiga, dubban masunta za su ruga cikin ruwa, kowa da homarsa da ƙaton gora. Goran nan shi ne jirgi, shi ne ma'ajiyar kifi. A 2020 kifin da ya ci gasa kilo 78 ne, sai da ƙarti suka taru kafin a ɗaga shi.

Kada girman ya ba ku mamaki. Duk shekara wannan yanki a rufe yake, ba mai jefa homa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, shi ya sa kifin ke samun sararin yin ƙiba.