Al-Ahsa: gonakin dabino, kogunan dutse da tafki a tsakiyar yashi

Assalamu alaikum jama'a. Nan Al-Ahsa ce, a gabashin Saudiyya. Abin da kuke hange a bayana, kore shar har iyakar gani, dabino ne, sama da bishiya miliyan 2 da rabi. A 2018 hukumar UNESCO ta saka dausayin nan cikin wuraren tarihi na duniya. Daga Riyad jirgin ƙasan da ke zuwa Dammam yana tsayawa a Hufuf, babban garin yankin. Amma da kun sauka ku nemi mota, don ƙauyukan a warwatse suke kuma gonakin ba su tafiyuwa da ƙafa.

Wanda ke son gane wurin nan, to ya bi ruwa. Ku dubi wannan magudanar siminti da ke gefen hanya. Iri biyu ce: ɗaya tana kawo ruwa gona, ɗaya kuma, wadda ta fi zurfi, tana kwashe wanda ya riga ya ratsa ƙasa. Ta biyun nan kada ku raina ta. Ruwan nan yana da gishiri, zafi kuma yana busar da shi da sauri. In aka yi ta ban ruwa ba a ba shi mafita ba, gishirin sai ya taso ya kwanta fari fat a bisa ƙasa, saiwa ta ƙone, gona ta mutu. A da maɓuɓɓugai kamar Ainul Harra da Ummu Sab'a da kansu suke tumbatsa. Yawan haƙa rijiyoyi da zuƙo ruwa da injin ya sa ruwan ƙasa ya yi nisa, yanzu galibi famfo ne ke ɗago shi.

Mu shiga gonar. Shukar hawa-hawa ce. Dabino a sama yana tare rana, a ƙarƙashinsa lemun tsami da rumman da ɓaure, can ƙasa kuma ganyaye da ciyawar dabbobi. Dabino akwai namiji akwai mace, kuma manomi ba ya barin barbara ga iska. Wajen Fabrairu zuwa Maris, da kwanson furen macen ya tsage, sai ya hau da igiya a ƙugu, ya cusa 'yan silin furen namiji a tsakiya, ya ɗaure sako-sako. Kwanaki kaɗan ne damar. In aka makara, 'ya'yan su fito ƙanana, babu ƙwallo, ba za su nuna da kyau ba. Bayan haka a rage 'ya'yan don sauran su yi girma. Nau'in da yankin ya yi suna da shi shi ne Khalas. A tsakiyar zafi ake samunsa da taushinsa, wanda suke kira ruɗab, busasshen kuma daga baya.

Wannan bokitin da ke rataye tarko ne na jan ƙwaron dabino. Tsutsarsa cikin kututture take ci, daga waje ba a ganin komai sai wani ruwa mai wari ya fara tsatsowa, a lokacin kuwa ɓarna ta yi nisa. Shi ya sa ba a yarda a ɗauki dashe daga wata gona zuwa wata ba tare da bincike ba, ku ma kada ku karɓa.

Akwai kuma jar shinkafar Hasawi, wadda ake dasawa cikin tsananin zafi a girbe wajen ƙarshen shekara.

Gabas da Hufuf Dutsen Ƙara yake. Ruwa da iska ne suka sassaƙe shi ya zama lunguna masu tsawo, wani wurin sai kun karkata kafaɗa. Cikinsa da sanyi a lokacin zafi, da ɗumi a lokacin sanyi. Ku hau sama da la'asar, daga nan ne ake ganin inda kore ya tsaya cak yashi ya fara. Ba nisa kuma akwai masallacin Jawatha na ƙabilar Abdul Ƙais, inda aka fara sallar Juma'a bayan ta masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina. Ƙarami ne, na ƙasa, ku shiga da natsuwa.

Ruwan magudanan can da muka gani yana taruwa a Tafkin Asfar, tsakanin tuddan yashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tsuntsaye masu ƙaura suke cika shi, lokacin ne ma ya fi dacewa da ziyarar yankin baki ɗaya. Ƙaramar mota ba ta isa can. Sai mai jan ƙafa huɗu, a rage iskar taya kafin shiga yashi, a riƙe famfon mayar da ita, a tafi mota biyu da igiyar ja. Bakin tafkin yana yaudara: samansa a bushe, ƙasansa taɓo ne mai gishiri, nan motoci ke kafewa. Ku ajiye mota a kan tudu ku ƙarasa da ƙafa. Ruwan kuma sauran ban ruwan gonaki ne, ba na sha ba ne, ba na wanka ba.