Kiɗan da Ya Zauna a Gurbin Wanda Ya Tafi: Lacca kan Sautin Fim ɗin New Moon

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune a gaba, ɗalibai, da sauran 'yan'uwa masu sha'awar harkar fim, barkanmu da yamma.

Fim ɗin da zan yi magana a kansa yau shi ne New Moon, kashi na biyu na jerin finafinan Twilight, wanda ya fito a Amurka ranar 20 ga Nuwamba 2009. Labarinsa tatsuniya ce irin ta Turawa: wata yarinya, Bella, ta kamu da son Edward, wanda yake cikin halittun nan masu shan jinin mutane da ba sa tsufa. Na san akwai masu raina fim ɗin, suna cewa na 'yan mata ne masu tashen balaga. Ni dai abin da ya kawo ni shi ne kiɗansa, wanda Bafaranshe Alexandre Desplat ya tsara, ƙungiyar makaɗa ta London Symphony Orchestra kuma ta kaɗa. A ganina aiki ne da ya kamata duk mai son koyon yadda kiɗa ke ba da labari ya zauna ya saurara da kunnen basira.

Bari mu ɗan koma baya. Shekara da shekaru, in aka ce fim ɗin mai shan jini, aikin makaɗi shi ne ya tsorata mutane. Dracula na 1931 kusan ba shi da kiɗa ma, sai wani ɗan yanki na Tchaikovsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, da aka aro aka sa a farkonsa. A 1958, da kamfanin Hammer na Ingila ya yi nasa, James Bernard ya tsara sauti uku masu nauyi da ke kiran sunan dodon gaɓa-gaɓa, ƙahonnin tagulla na ruri, gabanka na faɗuwa. Sai a 1992, a wani sabon fim ɗin Dracula, Wojciech Kilar, ɗan ƙasar Folan, ya haɗa tsoro da bege a tukunya ɗaya. Kafin a zo kan Twilight, dodon ya riga ya zama saurayi, tsoron ya koma gefe, soyayya ta shigo tsakar gida.

Kashi na farko, na 2008, Carter Burwell ne ya yi masa kiɗa. Sautinsa na zamani ne, akwai jita mai lantarki, akwai wani duhu-duhu da ya dace da garin Forks na jihar Washinton, wurin da labarin ke faruwa, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. A ciki akwai wani kari da Edward ke kaɗa wa Bella a fiyano, masu kallo suka riƙe shi kam a matsayin taken soyayyar su biyun. Da aka zo kashi na biyu sai darakta ya canza. Catherine Hardwicke ta tafi, Chris Weitz ya karɓa, shi kuma ya kira Desplat, wanda suka yi aiki tare a 2007. Desplat bai ɗauki karin Burwell ba. Ya ajiye shi gefe, ya rubuta sabo fil.

To, a nan ne maganar take. Mu Hausawa mun san take. Ɗan dambe yana can bayan fage, ba ka ganinsa, amma da mai kalangu ya taɓa takensa, kowa ya san wanda ake nufi, shi kansa ya fara tsuma. Haka makaɗan fim suke yi tun zamanin da suka gaji dabarar daga Wagner, mai tsara kiɗa Bajamushe: kowane mutum, kowane wuri, kowace damuwa da nata karin, da zarar ya taso sai zuciyar mai kallo ta tafi can ko ido bai gani ba. Saboda haka canza take a tsakiyar labari ba ƙaramar kasada ba ce. Mutane sun shekara guda da wani sauti a kunnensu, ka zo ka ce musu ga wani. Masoya fim ɗin da dama ba su ji daɗi ba, kuma ina fahimtar su.

Amma ku dubi abin da ke gaban Desplat. Tun farkon fim, ranar da Bella ta cika shekara 18, takarda ta yanke ta a yatsa tana buɗe kyauta. Ɗigon jini guda ya sa ɗan'uwan Edward ya kusa hallaka ta. Edward ya ga zamansa kusa da ita haɗari ne, ya kai ta bakin daji ya ce mata ya tafi ke nan. Daga nan har kusan ƙarshe, jarumin da mutane suka biya kuɗi don su gani ba ya nan, sai dai ya riƙa bayyana kamar hayaƙi duk lokacin da ta jefa kanta cikin haɗari. Fim ne na soyayya wanda masoyin ya ɓace daga allo na tsawon lokaci. Wa zai riƙe gurbinsa? Kiɗa.

Bari in kunna muku babban karin, a sigar da fiyano kaɗai ke kaɗa shi.

[An kunna kiɗan na ɗan lokaci.]

Kun ji yadda yake tafiya? Hannun hagu na ta juyawa a ƙasa, ba gaggawa. Na dama ya ɗauko kari ya hau, kamar zai kai wani wuri, sai ya tsaya, ya sauko. Ya sake hawa, ya sake dawowa. Bai taɓa ba ka natsuwar cewa an iso ba. Wannan shi ne halin Bella cikin watannin nan, tana jiran wanda ya ce ba zai dawo ba. Desplat ya gabatar mana da wannan kari tun buɗewar fim, da cikakkiyar ƙungiyar masu goge, ya bar shi ya zauna a kunne lokacin da masoyan suna tare. Bayan rabuwa sai ya riƙa dawo da shi guntu-guntu: wani lokaci fiyano shi kaɗai, wani lokaci gogen nan mai kaurin murya, wani lokaci ya fara ya yanke a tsakiya. Mai kallo bai san dabarar da ake yi masa ba, sai dai ya ji Edward na nan a ɗakin alhali kujerarsa fayau. Da a ce karin Burwell aka dawo da shi, da ya tuna mana lokacin daɗi, lokacin da saurayi ke zaune yana kaɗa wa budurwarsa fiyano. Fim ɗin nan kuwa na rashi ne, yana buƙatar sautin da aka gina shi tun asali don ɗaukar rashi.

Akwai kuma dalilin da ya sa makaɗa masu yawa da kayan kiɗa na da suka dace. A labarin, an haifi Edward a 1901, ya daina tsufa a 1918, lokacin annobar murar nan da ta ci duniya. Fuska ta ɗan shekara 17, amma zuciya ta haura ɗari. Jita mai lantarki tana gaya maka shekarun fuskar. Goge da fiyano irin na Turai ta da suna gaya maka shekarun zuciyar. Desplat, wanda aka haifa a Faris a 1961, mai busa sarewa ne tun yana yaro, kuma ya tashi da kiɗan Debussy da Ravel a kunne. Wannan laushin na makarantar Faransa shi ya zuba a nan.

Jacob, abokin da ya tsaya wa Bella, wanda daga baya ya riƙa rikiɗa ya zama kyarkeci, shi ma an ba shi nasa karin, mai sauƙi, mai ɗumi. In kyarketai suka fito farauta sai ganguna su karɓe. Ba zan daɗe a nan ba, domin a wurina wannan ɓangaren bai kai sauran ƙarfi ba.

Inda nake so ku ƙara buɗe kunne shi ne Italiya. Edward ya ji labarin ƙarya cewa Bella ta mutu, sai ya nufi Volterra wurin Volturi, gidan sarautar masu shan jini, don su kashe shi. A garin Montepulciano aka ɗauki wannan sashe. Kowa zai zaci za a tarbe su da ruri irin na Bernard. Desplat sai ya ba su kiɗan wals, rawar nan ta fadojin Turai mai bugu uku-uku: ɗaya, biyu, uku, ɗaya, biyu, uku. Me ya sa? Domin waɗannan sarakuna ne da suka shekara dubbai suna mulki, masu ladabi a baki, masu murmushi, kuma kisa a wurinsu abin yau da kullum ne. Mugun da ke tarbarka da fara'a ya fi mai zare ido ban tsoro, kuma kiɗan ya faɗi haka kafin ɗayansu ya buɗe baki. Sannan ga gudun Bella, wadda ta biyo Edward don ta cece shi, a dandali, tana kutsawa cikin taron masu jajayen alkyabba, ta faɗa cikin ruwan tsakiyar fili, agogo na shirin buga sha biyun rana. Masu goge suna ta ƙara sauri, har ta rungume shi, sai karin nan da muka daɗe muna ji guntu-guntu ya samu sarari ya buɗe.

Wani ɗalibi ya tambaye ni kafin mu shigo, shin waƙar da ake ji lokacin da Bella ke zaune bakin taga, kyamara na zagaya ta, watannin Oktoba, Nuwamba da Disamba na wucewa, ta Desplat ce? A'a, ta mawaƙiyar Suwidin ce, Lykke Li. Faifai biyu aka fitar wa fim ɗin, ɗaya na waƙoƙin mawaƙa daban-daban, ɗaya na kiɗan Desplat. Kuma ina ganin an yi daidai da aka bar wa murya wannan wurin.

Abin da ya biyo baya shi ke ba ni takaici. Kashi na uku, a 2010, Howard Shore aka ba, shi ma ya zo da nasa. Kashi biyun ƙarshe, na 2011 da 2012, Burwell ya dawo, ya farfaɗo da karinsa na farko, shi ya rufe labarin. Finafinai biyar, masu tsara kiɗa uku, kowa da takensa. Laifin nan na masu shirya fim ne, da ba su zauna tun farko sun tsara wa jerin gaba ɗaya murya guda ba. Desplat dai ya wuce gaba, ya yi wa finafinan Harry Potter biyu na ƙarshe kiɗa, ya ci kyautar Oscar a 2015 da 2018.

Ku masu shirin yin fim mai kashi-kashi, ku kira mai kiɗanku tun ana rubuta labari, ku gaya masa wa zai tafi, wa zai dawo, da kashi nawa za a yi. Yanzu zan sake kunna sashen Italiya, sannan mu shiga tambayoyi.