An ɗaure shi ya yi shiru, shikenan ya huce?

Assalamu alaikum jama'a. Bidiyon nan da ke ta yawo a WhatsApp da TikTok na san da yawanku kun gan shi, wani saurayi mai taɓin hankali ya tada rikici, maza sun taru sun kada shi ƙasa sun danne sun ɗaure. Ba za mu sa shi a nan ba, ɗan mutane ne kuma yana da uwa da ƴan'uwa, hotunan da za ku gani duk na kwaikwayo ne da muka shirya da abokan aikinmu nan Yamai. Abin da ya sa na zauna yin wannan bayani magana guda ce da na ga ana ta maimaitawa a ƙarƙashin bidiyon: "ai ga shi nan ya yi shiru, ɗaurin ya yi aiki." To wannan shirun shi nake so mu tsaya a kai, don nan ne kusan kowa ke kuskure.

Bari mu yi sauri mu wuce abin da kowa ya sani. A asibiti ana tsare mara lafiyar da ya fusata ta hanyoyi kamar huɗu: a riƙe shi da hannu, ko a ɗaure shi a gado da maɗauri mai laushi a wuyan hannu da idon sawu, ko a rufe shi a ɗaki shi kaɗai, ko a yi mishi allurar kwantar da hankali. A gida kuma kun san abin da ake yi, igiya, sarƙa, mari, wasu ƙauyukan har yanzu turu. Ƙa'idar likitoci a ko'ina ita ce ba a ɗaure mutum sai an gwada komi ya ƙi kuma ana tsoron zai ji ma kanshi ko wani ciwo yanzu-yanzu, ba a ɗaure shi don horo, ba a ɗaure shi don ya cika surutu ya hana mutane barci. Kuma ku riƙe wannan, mafi yawan masu taɓin hankali ba su taɓa dukan kowa ba, su ne ma aka fi duka. Sannan ba duk wanda ya tashi yana fashe-fashe ba ne ciwon ƙwaƙwalwa ke damunshi, zazzaɓin sauro in ya hau kai yana yin haka, sanƙarau na yi, sukari in ya faɗi na yi, mai farfaɗiya in ya farfaɗo na iya yi, ga kuma tramol da ya addabi samarinmu.

[hoto daga ƙasa: fuskoki sun sunkuyo, hannuwa na matsowa]

Yanzu ku duba wannan hoton da kyau, mun ajiye kamara a inda idon mara lafiyar yake. Mu da ke tsaye muna ganin mutum guda mai haɗari da mutum biyar masu taimako. Shi abin da yake gani daban ne. Ka ɗauka kwana da kwanaki bai yi barci ba, kunnenshi na jiyo muryoyi suna ce mishi za a kashe ka, za a zo a kama ka, ya faɗa ma mutanen gida sun ce ƙarya ne babu mai nemanka, sai ga ƙarti biyar sun shigo a guje, ɗaya ya kama wuya ɗaya ya kama ƙafa, wani na ɓoye igiya a bayanshi. A wurinshi abin da muryoyin suka faɗa ne ya tabbata. Don haka fizge-fizgen da kuke gani ba taurin kai ba ne, mutum ne ke ƙoƙarin ceton ranshi, ko kai ne a wannan halin haka za ka yi.

An yi bincike a ƙasashe da dama inda aka zauna da mutanen da aka taɓa ɗaurewa, bayan sun samu sauƙi, aka tambaye su yaya abin yake. Amsoshin na kama da juna sosai. Tsoro shi ne na farko. Sai wulaƙanci, musamman wanda ya yi ta roƙo a kai shi bayan gida ba a kula shi ba har ya yi fitsari a kwance, ko macen da zanenta ya kwance a gaban maza ba wanda ya tuna ya rufe ta. Da yawa suna cewa sun ji kamar horo ake musu kan laifin da ba su san shi ba, saboda babu wanda ya buɗe baki ya ce musu ga dalili, ga kuma lokacin da za a kwance ka. Wadda aka taɓa yi ma fyaɗe ko wanda aka taɓa azabtarwa, da an danne shi sai tsohon abin ya dawo mishi sabo fil. Mu kan ɗauka ai ba ya cikin hayyacinshi, ba zai tuna ba. Yana tunawa. Zai iya manta ranar da aka kawo shi amma ya tuna fuskar wanda ya sa mishi gwiwa a baya da wanda ya yi dariya. Gaskiya akwai kuma waɗanda ke cewa daga baya sun gane da ba a tsare su ba da sun yi ɓarna, sai dai in ka saurare su za ka ji galibi akwai wani da ya zauna kusa da su yana kiran sunansu yana musu magana.

To mu zo kan shirun. Mutumin da ya daɗe yana kokawa jikinshi na buƙatar iska fiye da kullum, zuciya na bugawa da ƙarfi, yana haki. In an kwantar da shi rub da ciki, hannuwa a baya, wani ya hau gadon bayanshi, ƙirji da ciki ba su da wurin buɗewa, iskar da ke shiga ba ta isa. In kana gida gwada, kwanta rub da ciki a tabarma ka ce ƙanenka ya ɗora hannu biyu a bayanka ya ɗan danna kaɗan kawai, ka ja numfashi ka ji, amma don Allah kar yara su mai da shi wasa. Shi wanda ake dannewa da ya ji iska ta ƙare sai ya ƙara fizga, masu riƙo su ce kun gani ƙarfinshi ya ƙaru, su ƙara dannawa, shi kuma ya ƙara rasa iska, haka abin ke ta juyawa har jiki ya saki. Wannan lokacin da kowa ke cewa alhamdulillahi ya lafa, yana iya zama lokacin da numfashinshi ke tsayawa. Kuma kar wani ya ce ai yana magana, tunda yana magana yana numfashi. Ɗan iskar da ta rage a maƙogwaro ta isa mutum ya ce "ku sake ni zan mutu", ba ta isa ta riƙe rai ba.

Wannan ba zato ba ne. A Ingila a 1998 wani bawan Allah David Bennett, ɗan shekara 38, ya rasu a wani asibitin ƙwaƙwalwa a garin Norwich bayan ma'aikata sun danne shi rub da ciki na kusan minti 25. A 2010 kuma a Landan, Olaseni Lewis, saurayi ɗan shekara 23 da ya je asibiti da ƙafarshi neman magani, ƴan sanda 11 suka danne shi, bai ƙara farfaɗowa ba, iyayenshi suka yi ta fafutika har aka yi doka a 2018 da ake kira da sunanshi, wadda ta tilasta ma asibitocin ƙwaƙwalwa rubuta duk lokacin da aka yi amfani da ƙarfi a kan mara lafiya. A Amurka jaridar Hartford Courant ta yi bincike a 1998 ta ƙirga mutum 142 da suka mutu cikin shekara 10 a lokacin ɗauri ko kullewa ko jim kaɗan bayan haka. Waɗannan fa ƙasashe ne masu kayan aiki da ma'aikata, to ina ga tsakar gida da igiyar ɗaurin akuya.

Akwai shiru na biyu, wanda numfashi lafiya lau amma mutum ya sallama. Ya gane roƙo ba ya amfani, kuka ba ya amfani, sai ya kafa ido a rufin ɗaki ya daina cewa komi. Mu ce ya huce. Muryoyin na nan, tsoron na nan, abin da ya ƙaru shi ne ya koyi cewa in ya faɗi abin da ke damunshi ɗaure shi za a yi. Irin wannan ne gobe in ciwon ya fara dawowa zai ɓoye, ya ƙi shan magani, in aka ambaci asibiti ya tsallake katanga, sai a ce ai ciwon ne, alhali wani ɓangaren mu muka koya mishi. Na uku kuma shirun allura, mutum ya yi barci mai nauyi a ɗaure, in ya yi amai yana rigingine ba ya iya juyawa, aman ya koma huhu.

Ko an wuce wannan matakin lafiya, daɗewa a ɗaure na da nashi haɗarin. Ƙafar da ba ta motsi jini na iya daskarewa a jijiyarta, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, mutum ya faɗi daidai lokacin da aka kwance shi ya miƙe. Igiya in ta matse tana kashe jijiyar hannu. Ga zafinmu, wanda ya san Tawa a watan Afrilu ya san rana na wuce digiri 40, mutum ya yi kokawa ya yi gumi an bar shi a ɗakin kwano ba ruwa, naman jikinshi ya wahala, in kun ga fitsarinshi ya koma kalar shayi ƙoda ce ke neman taimako, a nufi likita a lokacin.

[hoto: ma'aikaciyar jinya zaune gefen gado]

Ga yadda ya kamata abin ya kasance in har ya zama dole, ku bi hoton. Yana kwance rigingine, an ɗan ɗaga kanshi, ba wanda ya taɓa wuya ko ƙirji ko baya. Ku ga yatsunta biyu, tana zura su tsakanin maɗaurin da fatar hannu, in ba su shiga ba ya matse. Tana duba yatsunshi ko sun yi sanyi ko sun kumbura, tana kallon ƙirjin na hawa da sauka, tana kallon leɓe, Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mutum guda ne kaɗai ke magana, ba a haɗa baki biyar a kanshi: "Malam, nan asibiti ne, ba wanda zai cuce ka, mun riƙe ka ne don kar ka ji ciwo, da ka natsu zan fara kwance maka hannun nan." Kuma ta cika alƙawarin. A Faransa doka ta ce likitan ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke yanke shawarar ɗauri, kuma ba ya wuce awa 6 sai an sake duba mara lafiyar an ga ko har yanzu akwai buƙata. Ni a ganina abin da ya fi komi muhimmanci a hoton nan kujerar da take zaune a kai ce, ba ta ɗaure shi ta fita ta ja ƙofa ba.

Tarihin yunƙurin daina ɗauri kuma ba mu da hotunanshi da yawa, bari in faɗa da baki. Tun ƙarshen shekarun 1700 aka fara cire ma masu taɓin hankali sarƙa a asibitocin Paris, aikin Pussin, mai kula da marasa lafiyar, da likita Pinel, a 1839 kuma likita John Conolly ya daina ɗaure mutane a wani babban asibiti kusa da Landan, ya nuna ana iyawa. Nan kusa da mu akwai Grégoire Ahongbonon ɗan ƙasar Benin, tsohon mai gyaran taya, da ya fara a Bouaké ta Kodebuwa yana bin ƙauyuka yana kwance mutanen da aka ɗaure a jikin itace. Duk da haka a 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce ta samu ana sa ma masu taɓin hankali mari a ƙasashe 60. Ni ba na zagin uwar da ta ɗaure ɗanta, wallahi ba na zaginta, mace ce ita kaɗai a ƙauye, ɗanta ya fi ƙarfinta, likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a ƙasar nan, zuwa Pavillon E, wato sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa a Yamai, kuɗin mota ne da kuɗin magani da wanda zai zauna jinya. Ma'aikacin jinyar da ke gadin dare da marasa lafiya cike da ɗaki shi ma tsoro yake ji, wasunsu sun sha naushi. Amma shi ma wanda ke ƙasa a ɗaure tsoron yake ji, kuma nashi ba mai tambaya.

Shi ya sa bayan an kwance mutum ya dawo hayyacinshi a zauna da shi. A ce "Yaya, jiya mun riƙe ka, ka yi haƙuri, ga abin da muka ji tsoro, kai mi ka ji, in abin ya fara taso maka mi kake so mu yi?" Za ku sha mamaki, wani zai ce ku rage taron mutane a kaina, wani ya ce ku kira mini Inna, wani ya ce ku bar ni in fita tsakar gida in zagaya.

In kuma za ku ɗauko mutum daga gida zuwa asibiti, kar a haɗa hannu da ƙafa ta baya a jefa shi rub da ciki a bayan mota, kar a toshe mishi baki da tsumma. A zaunar da shi, wanda ya fi yarda da shi ya zauna kusa, a buɗe gilas, a riƙe ruwan sha. Da kun isa ku gaya ma likita gaskiya ba tare da kunya ba: tun yaushe yake ɗaure, da mi aka ɗaure shi, ko ya yi zazzaɓi, ko ya faɗi ya bugu a kai, da duk abin da ya sha, na kanti ko na gargajiya.