Dokin da Aka Ceto: Daga Turken Yunwa Zuwa Makiyaya

Ranar hawan Sallah a Zariya, daga Ƙofar Doka har ƙofar fada, dawaki sai sheƙi suke cikin jalala da kayan ado. Ku dawo bayan wata uku ku leƙa wasu zauruka da bayan gidaje. Za ku tarar da doki a turke, haƙarƙari a waje, gadon baya ya yi gyambo saboda sirdi. Mai shi ba lallai mugu ba ne, sau da yawa tsadar harawa ce ta fi ƙarfinsa. Irin wannan doki ake buɗe wa gidan ceto.

Kuskuren farko shi ne wanda tausayi ke jawowa. Mutum ya ga ramammen doki, sai ya cika masa komi da dawa da dusa. Wannan na iya kashe shi cikin kwana 3 zuwa 5. Jikin da ya daɗe da yunwa ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Da hatsi ya shiga, sukari ya hau a jini, sinadarin insulin ya tashi, sai ya kwashe fosforas da fotasiyam da magnesiyam daga jini ya tura su cikin ƙwayoyin jiki. Zuciya da huhu su rasa abin aiki. Doki ya ci ya ƙoshi ranar Litinin, ranar Alhamis a tarar da shi kwance.

Saboda haka harawa ce abincin farko, ta wake ko ta gyaɗa, busasshiya, wadda ba ta yi fumfuna ba. Likitocin dabbobi na jami'ar Kalifoniya da ke Debis a Amurka sun gwada tsarin da ciyawar alfalfa, dangin wake ce ita ma, kuma harawa ce ta fi kusa da ita a nan. Kwana 3 na farko, rabin kilo ko ƙasa da haka duk bayan awa 4, har da dare. Daga kwana na 4 zuwa na 10 a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana rage yawan zubin, har a kai kusan kilo 2 sau uku a yini. Bayan kwana 10 ya ci iya cinsa. Hatsi kuwa a manta da shi har sai jiki ya dawo, kuma dawowar takan ɗauki wata 3 zuwa 5. Kanwa ma a jinkirta, gishirin lasa ya wadatar. Kada kuma a kuskura a ba shi abincin kajin gona, domin wani yana ɗauke da maganin monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki.

Ruwa kullum a gabansa, lita 25 zuwa 45 a yini, a zafin Maris da Afrilu fiye da haka. Doki ba ya iya amai. Busasshen abinci ba ruwa yana cushe masa hanji, sai ku ga yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima. A janye abinci, a kira likita nan take.

Ba sikeli? Tef ɗin tela ya isa. A auna kewayen ƙirji daidai inda majayi ke zama, a auna tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ƙugu, duka a santimita. Kewaye sau kewaye sau tsawo, a raba da 11,880. Idan duka biyun 150 ne, dokin yana wajen kilo 284. Da wannan ake lissafin magani, ba da ido ba.

Sabon zuwa yana zama shi kaɗai kwana 21, da bokitinsa da ragamarsa. A auna zafin jikinsa kowace safiya: digiri 37.5 zuwa 38.5 na ma'aunin Salsiyas shi ne lafiya. A duba kaska a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne da tsakanin cinyoyi, domin ita ke kawo cutar da ke fasa jini har ido ya yi rawaya. Allurar rigakafin tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki, dole ce ga dokin da ya zo da miki. Maganin tsutsa kuwa ba ranar farko ba. A bari ya ɗan farfaɗo, a kai kashinsa gwaji, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru. Kofato a gyara shi duk mako 6 zuwa 8. Idan yana zubar da abinci daga baki a dunƙule, haƙora ne, suna bukatar a goge musu kaifi.

To, ga fili. Yawancin dawakin hawa a Zazzau ingarmu ne, idan aka sake su wuri ɗaya faɗa za a yi. Kowanne da nasa shinge, tsayin mita ɗaya da rabi, na katako ko bututu, ban da waya mai ƙaya. Amma su riƙa ganin juna, domin doki dabbar garke ne. Wanda ya shekara a dabaibayi yakan yi kwanaki yana tsaye wuri ɗaya ko da an kwance shi. A ƙyale shi, zai taka.

Doki yana yankan ciyawa har ƙasa da haƙoransa, in aka bar shi wuri ɗaya sai ya mayar da shi fako. A raba makiyaya gida huɗu. Ciyawa ta sauko tsayin yatsa, a matsa gaba, a bar wancan ya huta mako 3 zuwa 4. Kiri-kiri tana jure tattaki, gamba da kyasuwa a yanka a shanya. A tumɓuke zurma da zaƙami da tumfafiya, a kuma hana shi gyauron dawa, ɗanyensa yana da guba. Daminar Zariya daga Mayu ne zuwa Oktoba, sauran watannin sai abin da aka tara. Dokin kilo 300 yana cin kusan kilo 6 na busasshen abinci a yini, wato kilo 1,080 a wata shida. A sayi harawa da kaka tana araha, a ɗora ta a kan rumfa nesa da gara.

Kashin doki kuma dukiya ne. A kwashe shi daga makiyaya sau biyu a mako, hakan na yanke zagayen tsutsa. A tara shi da tarkacen barga tsayin mita ɗaya, a yayyafa ruwa, a juya duk mako biyu. Idan cikin tsibin ya kai zafin digiri 55 zuwa 65, ƙwan tsutsa da irin ciyawa suna mutuwa. Bai yi zafi ba, ya bushe ne. Yana ɗoyi, ruwa ya yi yawa. Cikin wata 2 zuwa 3 ya zama baƙin taki, irin wanda masu lambun bakin Galma da Kubanni ke nema. A yi musaya da su: buhun taki, damin harawa. Kashin da aka yi kwanakin da aka ba da maganin tsutsa na ivermectin a ware shi, yana kashe buzuzu, alhali buzuzu ne ke binne kashi a ƙasa kyauta.

Yaran unguwa za su zo kallo, ba makawa. A koya musu: ta kafaɗa ake tunkarar doki, ana magana a hankali, domin ba ya ganin abin da ke daidai bayansa ko daidai gaban goshinsa. Yaro ya fara da buroshi da bokiti kafin ya yi zancen hawa. Tsofaffin 'yan barga kuma a jawo su, sun san halin doki tun daga motsin kunnensa.

Dokin da ya warke, in za a ba wani riƙo, a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa: ba sayarwa, za a riƙa zuwa dubawa duk wata, in ya sake ramewa a dawo da shi. Inda gyambon sirdi ya warke farin gashi ne ke fitowa. A danna wurin da yatsa. Idan dokin ya lanƙwashe baya ko ya kwantar da kunne, ba a ɗora masa sirdi ba tukuna.